Habu Ya Wanke Shi, Ni Na Zuba Ruwa

Ina Kazaure ranar Talata da hantsi, ina ɗaure kwalayen magani a bayan babur, sai wayata ta yi ƙara. Habu direba ne. Ya ce, "Lawan, sai haƙuri. Baba Saje ya cika yanzun nan." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a bakin shago. Sai dai tunda na yi niyyar faɗin gaskiya a wannan rubutu, bari in faɗe ta tun daga farko. Kafin hawaye ya zo mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: me ya sa Habu ne a kansa ba ni ba?

Saje Iliyasu tsohon soja ne mai aikin jinya. Da ya yi ritaya ya dawo gida Roni ya buɗe kemis, kuma shekara goma sha tara na yi ina aiki a ƙarƙashinsa. Da kansa yake goge tufafinsa. Ba ya taɓa mara lafiya sai ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. In mace ta shigo za ta faɗi ciwonta, sai ya ƙara muryar rediyo don kada mazauna benci su ji. Yakan ce, "Abin da mara lafiya ya nuna maka ajiya ce, ba kyauta ba."

Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru da ni kowace rana a littafi, shi ya sa yake kirana Sakatare. Sunan ƙauna ne, na sani. Amma Habu, wanda motarsa kawai muke ɗauka in za a kai mara lafiya asibiti, shi "ɗana" yake ce masa. Na taɓa bin littattafaina ina neman ranar da ya ce mini haka. Ban samu ba. Mai yiwuwa ya faɗa ni ne ban rubuta ba, amma ban cika mantuwa ba.

Dalilin wannan fifiko ban jahilce shi ba, ko da yake na daɗe ina nuna kamar ban sani ba.

A wata shekarar zaɓe garinmu ya rabu biyu. Kowace jam'iyya da mai shayinta, kuma in an yi haihuwa a gidan ɗan wancan ɓangare ba ma zuwa suna. Ni da Habu jam'iyyarmu ɗaya. Wata safiya aka kawo wata baiwar Allah kemis tana zubar da jini. Mijinta ɗan takara ne a ɗaya ɓangaren. Baba Saje ya duba ta, ya kira Habu, suka wuce da ita asibiti a Kazaure. Ni na rubuta layi ɗaya a littafina. Da yamma a majalisa, don a san ni ma ina da labari, na karanta wa abokaina layin.

Kafin Juma'a magana ta zama cewa matar ɗan takara ta zubar da ciki, kuma mijinta ne ya sa ta. Har a lasifikar kamfe aka riƙa yin habaici. Manyan jam'iyyarmu suka zo kemis su uku, suna so Baba Saje ya tabbatar.

Shugabansu ya ce, "Saje, kai namu ne. Kalma ɗaya muke nema. Wannan ai taimakon addini ne, a san masu kashe rai."

Baba Saje ya ce, "Alhaji, in addinin ne ya kawo ka, kawo shaidunka. In ƙuri'a ce, nan magani muke sayarwa."

"To ɓari ne ko zubarwa?"

"Ranar da aka kawo naka iyalin, wa na gaya wa abin da ke damunta?"

Suka fita. Suka tare Habu a tasha, tunda shi ya tuƙa motar kuma ya ji duk abin da aka faɗa a hanya. Ya ce musu shi titi yake kallo. Suka kira shi munafuki, suka ƙwace motar kamfe da suka ba shi, ya yi wata da watanni babu mai gaishe shi a majalisarmu. Kemis ɗinmu ma 'yan jam'iyya suka ƙaurace masa. Ni kuwa babu abin da ya same ni, har yabo na sha. Har yau ban san abin da ya sami matar nan ba. A cikinmu mutum biyu suka sani, ɗaya yanzu yana kabari.

Baba Saje bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. Abin da kawai ya ce, yana jera kwalabe bai ko dube ni ba, shi ne, "Sakatare, ba duk abin da ido ya gani ne na biro ba." Daga ranar, in mace ta shigo, sai ya ƙara rediyo, ni kuma ya aike ni ɗebo ruwa.

Ko labarin igiyarsa ta muƙamin soja a bakin Habu na ji. Wai lokacin da aka tura su aiki wata ƙasa, an kamo wani ɗan tawaye da rauni, wani hafsa ya ce kada a ɗaure masa ciwon sai ya faɗi inda 'yan'uwansa suke. Baba Saje ya ɗaure. Aka rage masa igiya ɗaya, sai da ya yi shekaru kafin ta dawo. Ya ce wa Habu, "Oga zai iya cire mini igiya, amma ba zai shiga kabarina ya amsa mini tambaya ba." Shekara goma sha tara muna shago ɗaya, ni bai ba ni wannan labari ba. Ya san inda zai ƙare.

Da na iso gidan ranar rasuwar, na riga na naɗe hannun riga. Ni nake ganin ni ne zan wanke shi. Sai Inna Rabi, mai ɗakinsa, ta yi magana daga bayan labule: "Ya bar wasiyya, Habu ne zai yi masa wanka." Kowa ya san ba a ba wankan gawa sai ga amintacce, wanda zai rufe abin da ya gani. Na sauke hannun rigata a gaban mutane. Na ji kamar an karanta wa duk garin littafina.

Ina tsaye a zaure sai Habu ya leƙo. Ya ce, "Lawan, taho ka zuba mini ruwa."

Na ce, "Ai ba ni aka ce ba."

Ya ce, "Ya ce in kana kusa in kira ka. Taho, rana na yi."

Ko Baba Saje ya faɗi haka, ko Habu ne ya ji tausayina ya ƙirƙira, ban sani ba, kuma na kasa tambaya. In na biyun ne, to Habu ya sake fi na, wannan ma yana ci mini rai. Na shiga, na riƙe buta, ya wanke, na zuba.

Da na koma gida na buɗe littafi, na rubuta rana da wata. Abin da na gani a ɗakin nan, ban rubuta ba. Shafin yana nan fari, kuma haka zai zauna.

Baiwar Allah da na jawo wa magana, in wannan ya iso gare ki, daga bakina ta fito. Ki yafe mini don Allah.

Ya Allah, bawanka Iliyasu ya rufa asirin bayinka, ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambayar da ya ji tsoro fiye da kowane hafsa. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ka zama gatansu. Habu kuma, ɗansa, Allah ka saka masa da alheri, ka cire mini abin da ke zuciyata game da shi. Amin.