Jar Fitilar Baƙin Mai a Hanyar Isa

Shekara huɗu ke nan da muka binne yayana Ummaru, direba a tashar Sabon Birni, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na ji warin baƙin mai sai gabana ya faɗi.

Mutum ne mai fitinar tsiya a kan injinsa. Ko fasinja na ta ƙorafin za su makara kasuwa, sai ya buɗe bonet, ya zaro geji, ya murza man a yatsunsa, ya tada mota ya bar ta tana huci. Na sha tsokanarsa cewa ko matarsa ba ta samun wannan lallashi. Shi kuwa sai ya buɗe mini karatu. Wai mai a tukunyar ƙasan inji yake kwana, sai famfo ya tsotso shi, filta ta tace, ya hau ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su goga juna, ya kwaso zafi da datti ya koma ƙasa. In jar fitilar mai ta kama, in ji shi, ko ina kake ka kashe mota nan take.

Ranar da abin ya faru ina gidan gaba, kusa da shi. Muna dawowa daga Isa da la'asar, sai ga 'yan bindiga a babura sun ɓullo bayanmu. Yaya ya saki titi ya bi burtali, dutse ya fasa tukunyar, jar fitila ta kama. Na san ma'anarta, shi ya koya mini. Motar nan kuwa ita ce abincin gidansa, ba shi da wata.

"Yaya, mai ya zube."

"Na gani, Dije. Riƙe ƙofa, ba za ni tsaya ba."

Injin ya shiga ƙara kamar ana daka ƙarfe a turmi, hayaƙi ya turnuƙe mu, bai ɗaga ƙafa ba. Sai da muka hango rufin gari injin ya ƙame. Yaya ya ce mu ruga cikin gero. Shi ya tsaya fito da wani tsoho mai ciwon ƙafa, ya tura shi cikin gona. A jikin motar 'yan bindigar suka sami Yaya, suka kashe shi.

Da zai leƙo tashar yau, faɗa zai yi, na san halinsa. Ba direban da ke jiran mai ya hau, wa ke da wannan sukunin? A cika mota, a taka, kowa na salati. Man ma na gora ne a bakin titi, wanda shi ko a keken ɗinki ba zai zuba ba. In ya gama faɗan kuma zai ba su gaskiya, don hanyar ta fi injunan lalacewa.

Tsohon nan yana raye, har gona yake zuwa. Ni ma ga ni.

Bana muka sayar wa wani ɗan gwangwan motar, baƙo ne, bai san labarin ba. Ya kwance injin a gabana, ya tarar fistin ya narke ya manne. Ya girgiza kai, ya ce wanda ya tuƙa wannan bai san darajar inji ba.

Na ce, "Ya sani, malam. Mu ne a ciki."