'Yan Tsakin Yaya a Hanyar Dayi

Muna sallame sallar asuba muka nufi tashar Funtua, ni da maƙwabcina da ya ce zai raka ni, kowa rungume da kwali. 'Yan tsaki ne a ciki, sababbin ƙyanƙyasa, na yayata da ke Dayi. Tun rasuwar mijinta take neman sana'ar da za ta riƙe yara, a ƙarshe ta sayar da tumakinta ta ce in sayo mata kajin gidan gona ta gwada kiwo. Duk abin da ta mallaka yana cikin kwalayen nan. Mai sayarwa ya ja mini kunne cewa su isa kafin rana ta take, kuma kada iska ta yanke musu, don ba abin da ke kashe su da sauri irin zafin cikin kwali.

Da gangan na zaɓi ranar da wata babbar kasuwar kan hanya ke ci, saboda kowa ya san ranar kasuwa mota ba ta jimawa take cika. Haka kuwa aka yi. Kafin maƙwabcina ya gama ƙosansa har an cika. Ɗan kamasho ya dage sai an tura kwalayen but ɗin bayan mota tare da buhunan taki, na ce sai dai a tura ni. Da ƙyar muka daidaita na biya wa 'yan tsaki kujera guda, kuɗin da bara zai kai ni Katsina. Wani dattijo ya leƙa ya ce bai taɓa zama kusa da fasinjoji masu surutu irin waɗannan ba.

Har muka wuce Bakori lafiya lau. Kaka ta yi, gonakin masara da waken soya an fara girbe su, iska na shigowa ta taga, 'yan tsaki na ta tsuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda garuruwan suka girma. Inda na sani gona ce yanzu shaguna ne, da injin casar masara, da masu cajin waya, duk sun jeru a bakin kwalta kamar an hana su gini a wani wuri. Titin kuwa yana nan yadda na san shi tun ina yaro.

Kafin Ƙarfi muka hango motoci sun yi layi. Duk mai bin hanyoyin nan a 'yan shekarun nan ya san abin da ke fara faɗo wa mutum a rai. Wata mata ta fara salati. Sai da wani ɗan acaɓa ya zo wucewa ya ce kasuwa ce kawai, sannan aka yi ajiyar zuciya. Kowa ya saki jiki ban da ni.

Kasuwar ta cinye titi. Tireloli sun tsaya a kan kwalta ana yi musu lodin masara, don babu wani fili da aka ware musu. 'Yan dako na tsallakawa da buhuna, masu awaki na ja, masu rake da dafaffiyar gyaɗa sun kasa kaya har kan layin mota. Direbanmu ya kashe inji don tattalin mai, iska ta ɗauke, motar ta zama tanda. Da farko kukan 'yan tsakin ya ƙaru, daga baya ya fara raguwa, kuma wannan ne ya tsinka mini zuciya. Na buɗe kwali na ga sun buɗe baki suna haki, wasu sun kwanta. Garin neman gira zan rasa ido. Na tuno fuskar Yaya ranar da aka ja tumakinta.

Muka sauka da kwalayen muna neman inuwa. Ina tafe ina faɗa, ina cewa duk waɗannan na bakin titi kamata ya yi a kwashe su. Wata tsohuwa mai sayar da awara ta ji ni sarai, amma ita ce ta janye kaskonta ta ce mu shigo da su ƙarƙashin rumfarta, wadda rabinta a kan titin take. Ta sa muka cire murafan, ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta ba ni faifai in yi musu fifita.

Sai da ta ga sun fara motsi ta ce, "Malam, an taɓa mayar da mu can bayan gari. Ba hanya, ba mota, ƙuda kaɗai ke zuwa. Yini guda ban sayar da na gishiri ba. A kai mana titi can, ka ga in za mu kwana a nan."

Na ci gaba da fifita. Ita ce kuma ta kira mana 'yan acaɓa biyu da suka bi da mu ta hanyar gona, muka ɓullo gaban cunkoson, kwali a cinya, ƙarmami na dukan ƙafafunmu. Daga nan muka sami wata mota zuwa Malumfashi, muka sake wata zuwa Dayi. Duk ramin da muka faɗa sai na kasa kunne a jikin kwali.

Azahar ta gota muka isa. Yaya na tsaye a ƙofar gida, da alama ta daɗe a wurin. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta durƙusa ta dinga fito da su ɗaya-ɗaya tana tsoma bakinsu a ruwan sukari. Waɗanda suka mutu ta jera su gefe. Sun kai cikin tafi biyu. Na fara ba ta haƙuri, ta ce Allah ya riga ya rubuta, saura ai suna da yawa.

Ba mu zauna ba, don ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Da za mu fito na tambaye ta inda za ta sayar da su in sun girma.

"A bakin titin kasuwar da kuka wuto mana," in ji ta. "Nan ne mota ke tsayawa."

Mun shigo Funtua ana kiran magariba, kasuwar da muka wuto ta watse, titi fayau sai ɓawon rake. Abin da na koyo shi ne garuruwanmu sun girma sun bar titinsu a baya, kuma ba wanda ya zauna ya ware wa tirela wurinta, ya ware wa mai talla nasa. Har yanzu ina jin haushin cunkoson nan. Amma nan da 'yan makonni, in kun biyo hanyar kun ga wata mata da kwandon kaji ta tare muku gefen titi, ku yi mata hon a hankali. Yayata ce.