Inno Ramatu da Farin Yumɓun Japan

Sunanta Ramatu, amma kowa Inno yake ce mata. Shekara arba'in ta yi tana ginin tukwane a wani ƙauye kusa da Kazaure, har ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ɗebo yumɓu. Zuwanta Manchester kuwa jego ne ya kawo ta, lokacin da autarta Rumaisa, wadda take aikin likita, ta haihu. Da aka yi arba'in sai aiki ya ƙare mata. Ta share gidan Rumaisa da ke unguwar Gorton, ta sake sharewa, ta zauna bakin taga tana kallon ruwan sama.

Wata Asabar suka shiga kasuwar Gorton, Inno ta tsaya a teburin wani mai tsofaffin kaya. Wani ɗan kofin tangaran ta ɗauka, fari mai zanen shuɗi. Ta ɗaga shi wajen haske, sai ta ga inuwar yatsunta ta cikinsa. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

"Auta, wannan ƙasa ce ko gilashi?"

"Ƙasa ce, Inno. An rubuta Japan a gindinsa."

"To ina son ganin hannun da ya gina shi."

Wannan hannun dai bai samu ba. Amma Rumaisa ta binciko wani ajin koyon ginin tangaran da hukumar birnin ke tallafawa a unguwar Ardwick, kuma mai koyarwar 'yar Japan ce, Sachiko, wadda ta tashi a Arita, garin da ya shafe shekara ɗari huɗu yana ginin tangaran. Inno ba ta jin Turanci in ban da "thank you" da "sorry". Ranar farko Rumaisa ta yi tafinta. Rana ta biyu tana wurin aiki, Inno ta hau bus ita kaɗai da adireshi a rubuce a takarda.

Farin yumɓun ya ba ta kunya. Nata na gida ja ne, mai yashi, yana tsayawa inda aka tsayar da shi. Wannan kuwa santsi gare shi kamar man shanu, da ta ɗan ƙara ruwa sai ya zube. Kwano uku suka rushe a hannunta a sati guda. Injin juyawar da sauran ɗalibai ke amfani da shi ma ta gwada, yumɓun ya yi tsalle ya faɗa kan takalmin wani Bature. Ita ta fara dariya kafin kowa.

Daga nan ta ture injin gefe. Ta shimfiɗa zani a ƙasa, ta kife wani tsohon kwano, ta lulluɓe shi da yumɓu tana bubbugawa da ɗan katako, yadda uwarta ta koya mata. Sachiko ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko wata siririyar wuƙar ƙarfe, ta nuna mata yadda mutanen Arita suke jira gini ya sha iska, su kankare shi a hankali har ya koma kamar ɓawon ƙwai. Haka suka ci gaba, wannan ta nuna, waccan ta gyara, kowa da harshenta.

Zane ma da nasa abin mamakin. Ruwan da ake zanawa da shi baƙi-baƙi ne kamar na tawada. Inno ta zana layukan da take yi a wuyan randa, aka tsoma kwanon cikin wani farin ruwa mai kauri da suke ce wa glaze, zanen ya ɓace ƙurmus. Ranta ya ɓaci, ta ɗauka aikin ya lalace. Da aka fito da shi daga wuta, farin ruwan nan ya narke ya zama gilashi, zanen ya fito shuɗi shar kamar rinin baba.

Wata shida suka cika ta koma gida. Da shekara ta zagayo ta dawo, ita ce ma ta riƙa matsa wa Rumaisa a kan maganar biza.

A wannan zuwan ne Sachiko ta ce za ta kai ɗalibanta Birmingham. Akwai wata ƙawarta a can mai murhun lantarki da kwamfuta ke sarrafa zafinsa, tana yin wani sabon salo: a narkar da glaze, a rage wuta, a riƙe ta a nan na wasu awanni, sai wasu furanni su tsiro da kansu a jikin tangaran. Ba mai zana su, ba kuma wanda ya san inda za su fito. Da suka je, Inno ta ba da wata 'yar ƙwarya da ta gina da farin yumɓun, irin ta shan fura.

Bayan sati biyu suka koma a jirgin ƙasa, har da Rumaisa. Aka buɗe murhun. Na wasu ya tsage, na wasu ya fito babu fure ko ɗaya. Ƙwaryar Inno kuwa ta fito da manyan furanni bakwai, shuɗi da ruwan zuma, kamar suna iyo a ƙarƙashin ruwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Masha Allah," ta ce a hankali. "Shekara arba'in ina roƙon wuta kada ta fasa mini kaya. Yau ga ta ta yi mini ado."

Rumaisa ta fassara. Sachiko ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ce a bar ƙwaryar a nan, za a nuna kayan ɗalibai a watan gobe, a rubuta sunanta a jiki.

"Ki ce wa Malama na yarda," in ji Inno, "amma sai an sha fura a ciki tukuna. Ba a san kyan ƙwarya sai ta yi aiki."

Washegari Rumaisa ta samo gero a wani shago a unguwar Rusholme. Inno ta dama fura da yogot, ta kai aji. Ƙwaryar ta zagaya hannu goma sha ɗaya, Sachiko ta nemi ƙari.