Ranar da Na Tsayar da Gireda a Gaban Kanar

Cikin shekarun da na yi a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, akwai wata Litinin da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin ana cewa Malam Garba ya taɓa tsayar da gireda a gaban Kanar, ana faɗa kamar wata jarumta. Yau zan ba ku labarin yadda yake, har da ɓangaren da bai yi mini kyau ba.

Wanda muke kira Kanar tsohon hafsan soja ne, daga ɓangaren injiniyoyi masu gina gadoji da hanyoyi. Haifaffen yankinmu ne, nan kudancin Kano, amma yana saurayi ya tafi bariki, bai dawo zama ba sai da furfura. Da ya yi ritaya ya shiga siyasa, ya tsaya takarar ciyaman, ya ci. Kakin kawai ya tuɓe, sauran halin duk ya zo mana da shi ofis. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofar sakateriya. Mu da muka saba sai mun sha koko da ƙosai mun gama hirar siyasa kafin mu leƙo, cikin mako guda muka koyi sammako. Ban taɓa ganin ya taɓa abin da ba nasa ba, wannan kam zan shaide shi ko a gaban wa.

Yana da wata doka da ya fi alfahari da ita. Ba a zuwa gidansa da maganar aiki. Ya ce a zauren gida ake lalata aikin gwamnati, don haka duk mai magana ya zo ofis ranar Talata, ya bi layi, ya faɗa a gaban kowa. Mu ma'aikata mun yaba, don mun san irin abin da ake ƙullawa a zaure.

Bayan girbin dawa na shekararsa ta farko, ya ce za a yi hanyar burji zuwa wani ƙauye da zan kira Rafin Gawo. Mutanen sun daɗe suna wahala. Da damina mota ba ta shiga, masararsu sai a amalanke take fita bakin titin da ke zuwa Dangora, mara lafiya kuwa sai a kan babur. Ni ne jami'in da aka ɗora wa aikin. Ga wanda bai san tsarin ba, jami'i ne ke fara bin layin hanya ya auna, ya kafa turaku, ya tabbatar babu abin da zai hana, sannan ya sa hannu a takarda gireda ta shiga. Da zarar ya sa hannu, duk abin da wuƙar gireda ta taɓa a wuyansa yake.

Kanar ya tara dattawan ƙauyen a ɗakin taro. Ya kafa taswira a allo, ya ɗauki sanda, ya nuna musu jan layi miƙaƙƙe daga titi har ƙofar masallacinsu. Cikin minti goma ya gama, ya ce, "Akwai tambaya?" Ba wanda ya motsa. Suka yi godiya, suka yi addu'a, suka tashi. Shi a wurinsa an gama ke nan, don a bariki in an ce akwai tambaya aka yi shiru, kowa ya gane aikinsa. Mu kuwa mun san dattijon ƙauye ba ya ɗaga hannu ya yi wa shugaba tambaya a bainar jama'a. Gida zai koma, su yi shawara, sannan su tura mutum ɗaya bayan la'asar ya zauna a zaure ya faɗi abin da ke ransu. Ga shi kuma babu ɗaya cikinsu da ya san inda jan layin nan zai faɗa a ƙasa. Ina zaune a wurin na san duk wannan, ban ce komai ba.

Ranar Alhamis na je kafa turaku. A tsakiyar layin, bayan gonakin ƙauyen, akwai wani fili mai bishiyoyin aduwa da ba a nomawa. Na ga ƙasar tudu-tudu, ga fasassun tukwane sun leƙo daga cikin ciyawa. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san abin da irin wannan wuri yake iya zama. Amma a bangon ofishin Kanar an riga an rubuta cewa gireda za ta fara Litinin da ƙarfe takwas, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa aka goge abin da aka rubuta a bangon nan ba. Na ce wa kaina kufai ne, tsohon mazauni. Na buga turakuna na wuce, washegari na sa hannu.

Litinin da safe muka fara. Malam Tanko direban gireda ya share gonakin farko ba matsala. Wajen ƙarfe tara da rabi muka iso filin aduwa, sai muka tarar da wani tsoho ya shimfiɗa buzu daidai tsakanin turaku biyu, yana zaune da carbi. Na sauka na durƙusa na gaishe shi. Sunansa Baba Ilu.

"Baba, ko za ka ɗan matsa gefe? Injin zai wuce."

"Ɗana, ba zan hana gwamnati aikinta ba," in ji shi. "Mu muka roƙi hanyar nan. Amma nan inda nake zaune mahaifiyata ce. Can gindin aduwar ƙannena ne biyu. Shekarar sanƙarau aka binne su, ina yaro, da mutanen garin nan da yawa. In za a bi ta kansu, to gara a same ni a wurin."

Bai ɗaga murya ba. Kunya ta rufe ni har na kasa kallon fuskarsa. Ana haka Mai unguwa Sale ya iso da wasu dattawa, ya ja ni gefe ya ce tun ranar Juma'a suka ga turakun. Sau biyu ya je gidan Kanar, mai gadi yana maido shi, wai ya zo ofis ranar Talata. Talata kuwa gobe ce.

Na san Kanar zai zo duba aiki ƙarfe goma, kuma na san abin da ya yi wa wani abokin aikinmu da ya jinkirta umarni kwana ɗaya: dakatar da shi ya yi. Na ɗaga wa Malam Tanko hannu na ce ya kashe injin. Ya leƙo ya ce, "Malam Garba, ka dai san wanda zai zo ko?" Na ce na sani, kashe.

Goma daidai motarsa ta tsaya. Ya fito ya dubi gireda a kashe, ya dubi agogonsa, sannan ya dube ni.

"Wa ya ba da umarnin tsayar da aiki?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da iznin wa?"

"Ba da iznin kowa ba. Maƙabarta ce a gabanmu, Yallaɓai."

"Babu maƙabarta a taswira."

"Babu a taswira, amma akwai a ƙasa."

Na zaci tsawa za ta biyo baya. Sai ya wuce ni ya nufi tsohon. Ya tsaya a kansa kamar zai yi magana daga tsaye, sai kuma ya cire takalmansa ya tsuguna. Ban taɓa ganin gwiwar Kanar ta kusanci ƙasa ba sai a masallaci. Baba Ilu ya maimaita masa abin da ya faɗa mini, ya riƙa nuna masa wurare da carbinsa yana kiran sunaye. Kanar ya ce, "Baba, duk shekarun nan ka riƙe wurin kowa?" Tsohon ya ce, "Duk Juma'a nake zuwa. In na manta, wa zai tuna?"

Da Kanar ya sake magana, ba da muryar da muka sani ba ce. Ya ce lokacin da aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, ya binne sojojinsa a daji cikin gaggawa. Da ya dawo, mahaifin ɗaya daga cikinsu ya zo har bariki ya ce ba ya neman komai, a dai gaya masa inda ɗansa yake kwance. Ya ce, "Ban iya gaya masa ba, Baba. Har yau ban iya ba."

Ya miƙe ya juya wurin Mai unguwa ya ce me ya sa ba a sanar da shi ba. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo gida sau biyu." Nan take Kanar ya karɓi taswirar daga hannuna, ya ɗora a kan motarsa, ya sa dattawan suka zagaya da mu iyakar wurin a ƙafa. Ya zana sabon layi ya kewaye filin ta gabas. Aikin ya ƙaru da kwana tara da kwalbati ɗaya.

Washegari na tarar da takardar tuhuma a teburina. Na ɗauka ta tsayar da gireda ce, har na shirya amsa. Da na buɗe, tambaya ɗaya ce a ciki: ranar da na kafa turaku, me na gani a filin, kuma wa na tambaya? Na zauna da biro a hannu kusan awa guda. Ƙarya tana da sauƙi, don ba wanda yake tare da ni ranar. Na rubuta cewa na ga alamun kaburbura, ban tambayi kowa ba, saboda ina tsoron in kawo masa labarin da zai ɓata masa jadawali. Ya kira ni, ya karanta a gabana, ya ce, "Gargaɗi zai shiga fayil ɗinka, don ka sa hannu a kan abin da kake shakka. Nawa laifin kuma ba ni da fayil ɗin da zan sa shi." Daga makon nan aka ajiye benci a ƙofar gidansa. Bayan la'asar yana fitowa ya zauna a waje, inda kowa ke gani, mai magana ya zo ya yi.

Na yi aiki da ciyamomi da dama bayansa, farar hula da tsofaffin masu kaki. Abin da na fahimta game da sojan da ya shiga siyasa shi ne, ya saba in ya ba da umarni a bi, kuma in akwai haɗari a gaba wani zai rugo ya faɗa masa. Mu ma'aikata sai mu ba shi biyayyar mu riƙe labarin haɗarin, sannan mu koma gefe muna cewa ba ya jin shawara. Don haka ku da ke riƙe da turaku yanzu, kafin ku buga ko ɗaya, ku nemi wanda ya fi kowa tsufa a garin ku gaishe shi, ku tambaye shi me ke ƙarƙashin ƙasar. In amsar ba za ta yi wa na sama daɗi ba, ku kai masa ita da ƙafarku tun injin bai tashi ba.

Baba Ilu ya rasu damina biyu bayan haka. Ya bar wasiyya a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa, kuma aka samu wurin yana nan. Ina cikin waɗanda suka zuba masa ƙasa, ina jin motocin masara suna rage gudu a kwanar da ke bayanmu.