Direban da Ya Zo Na Ƙarshe

Shekarar da gero ya ƙi, ina da shekara goma. Gonarmu ta Droum ko damin kirki ba ta ba mu ba, sai Baba ya kwaso mu, ni da Inna da ƙanina na goye, muka dawo Damagaram gidan wansa, Baffa Lawali, mai fataucin Kano. A can kakarmu Yagana take zaune, wadda ta haifi su Baba. Gajeruwar tsohuwa ce mai baki, in ta yi maka tsiya sai ka kwana biyu kana yi wa kanka dariya. Ni ƙawarta take ce mini.

Abu ɗaya ya hana gidan sukuni. Abokan Baba biyu sun shirya za su bi ta Agadas su tafi Libiya neman abin kaiwa baka, shi ma ya ce in babu wata hanya zai bi su. Hanyar kuwa guda ce tak: wani ɗan kasuwa ya yi wa Baffa alkawarin zai ba Baba tuƙin motarsa ta kai hatsi kasuwannin ƙauye, in dai ya samu permi, wato lasisin tuƙi, kafin wata ya mutu. Mutumin da duk rayuwarsa amalanken shanu ya sani! Aka sa shi gidan koyon mota, amma masu koyo rututu, mota ɗaya, sai ya yini bai riƙe sitiyari na minti goma ba.

To, a gidan akwai injin wasan tseren motoci da Baffa ya sayo wa ɗansa Sanusi. Da tele ake jona shi, yana da ɗan sitiyarinsa da abin takawa biyu, totur da birki. Sanusi, ɗan lekwal, wato ɗan boko, mai ji da kansa, ya ce, "Baba Ƙarami, zo in koya maka a nan, ai duk ɗaya ne." Ya kuwa koya masa abin da ya sani: ka danne totur kada ka ɗaga, in ka daki bango motar za ta miƙe abinta, in ta kife ka latsa nan a sake. Kafin mako Baba ya fara cinye Sanusi. Mu kuma sakarkaru muna ta tafi, mun samu direba.

Ranar jarrabawa, Baba ya tashi motar mutane kamar an koro shi, ya kwashe turakun da aka jera duka. Mai dubawa ya fito yana salati, ya ce ya dawo bayan mako biyu. Wannan ce damar ƙarshe.

Da magariba ta wuce a ranar, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka taru gaban murhun Kaka tana dama wani kunu tsararo. Baba yana gefe a kan buzu. Na ga Inna ta ɗauko tsohuwar jakarsa tana ɗinke mata hannu, na gane shirin tafiya ake yi.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga wata nan tafe da ƙafarta." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce an yi wata shekara rijiyoyi suka ƙafe, aka ɗora wa Jaki tulu biyu ya je tafki mai nisa ya ɗebo wa 'ya'yansa ruwa. Jaki ya ga hanya da tsawo, sai ya je wajen Barewa ta koya masa gudu. Ya koya, har ya fi ta. Ya cika tulunansa, ya sheƙo a guje, tsallake nan, tsallake can, ya iso gari tun rana ba ta yi zafi ba. Ya waiwaya, sai wuyan tulu kawai ke lilo a igiya. Ya tafi wajen Raƙumi yana kuka, ya ce a koya masa irin tafiyarsa. Raƙumi ya ce, "Ni ban iya wata tafiya ba. Ina dai tuna abin da aka ɗora mini."

Sanusi ya ce, "Kaka, ai laifin Barewa ne."

Ta ce, "Barewa me ta taɓa ɗauka banda kunnuwanta? Abin da ta iya ta koyar. Kai dai sha kununka, malam Barewa." Muka fashe da dariya, ban da Baba. Ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ta tashi ta naɗe tabarmarta, mai kunne ya ji."

Washegari da kuran ya dawo, Kaka da kanta ta ce a kunna injin wasan. Ta sa aka kife turmi a bayan kujerar Baba, ta ce, "Ƙawata, hau nan, ke ce fasinja." Ta miƙo mini ƙwarya cike da ruwa. Wanda bai zauna Damagaram a shekarun nan ba ba zai gane ba. Ruwan nan tun asuba Inna ta bi layin famfo kafin ta samo shi.

Baba ya ce, "Iya, wasan yara ne fa."

Ta ce, "Na sani. Tuƙa."

Ya danne totur yadda ya saba. A kwana ta farko ya daki bango. Kaka ta sa ƙafa ta banki turmin, na yi gaba, ruwan ya sheƙe mini a jiki, saura ƙasa ta shanye nan take. Na fasa kuka, don na tsorata da gaske. Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi ƙasar. Ya kai hannu zai latsa inda ake sakewa, ta buge hannun.

"A sake me? 'Yarka ce ta faɗi. Sai gobe kuma."

Haka aka yi ta yi. Sau ɗaya a yini, karo ɗaya a kashe tele. Kwana uku ana zubar da ruwa, Inna tana cizon leɓe. Ni kuwa haushin Kaka nake ji ba kaɗan ba, har na daina amsa mata ƙawa. A rana ta huɗu Baba ya fara taka birki tun kafin kwana. Motoci suka yi ta wuce shi fuu, fuu, Sanusi yana riƙe da kai yana cewa, "Wayyo, an bar mu!" Baba ko a jikinsa. Ya zagaye filin sau uku bai taɓa komai ba, tele ta nuna shi ne na ƙarshe. Ƙwaryata cike. Kaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Ya ci jarrabawa. Abokansa suka tafi ba shi. Ɗaya ya dawo bayan shekaru, ɗayan har yau iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Jaki a kan gudu take. Sai da na haifi nawa na gane ba da mu yara Kaka take ba a ranar, ɗanta take riƙewa kada ya tafi, kuma ba ta da abin riƙe shi sai bakinta da ƙwaryar ruwa. Duk sallar da na yi da ubana a gida, ita ta ba ni. Na gode wa Allah, na gode mata, har Sanusi da injinsa ina gode musu.

Da tsufa ya ci ƙarfinta, ta ce a mai da ita Droum, a can take son ta cika. Muka shimfiɗa mata katifa a bayan motar, na ɗora kanta a cinyata. Ido ya riga ya tafi. Da muka bar kwalta muka hau hanyar rairayi, ta matse hannuna ta ce, "Ƙawata, wa ke tuƙi?"

Na ce, "Baba ne."

Ta ce, "To, bari in yi barci."