Ranar da Aka Yi wa Akwatin Baba Tanimu Fenti

Wata Talata ce da hantsi, a tsakiyar damina, kuma har gobe ba ta fita raina ba. Mu uku ne a zauren baje koli na ma'aikatarmu a Abuja: ni, a lokacin ina ƙaramin jami'in adana kayan tarihi, da daraktanmu Oga Sambo, da Danladi mai fenti.

Ga waɗanda suka zo bayanmu, an ɗora mana baje kolin tarihin sufuri ne, alhali ma'aikatar ba ta mallaki ko tsohon tikiti ba. Sai na nufi Kubwa wurin Baba Tanimu, wani dattijo Bazazzagi da ya yi aikin duba tikiti a jirgin ƙasa. Tun da ya ajiye aiki yake tara kayan tafiyar da: tikitin kwali, usur, fitilar hannu mai ja da koren gilashi, faranti mai hatimin jirgin ruwa. Amma abin da ya fi ji da shi akwatin ƙarfe ne na kawunsa, wanda ya je karatu Ingila ta teku. Jikinsa duk takardun jiragen ruwa ne da na tashoshi, an manna wata kan wata, sun yi ja sun dafe. A wurin masu tara irin waɗannan kaya, takardun su ne akwatin. Ƙarfe ko a kasuwa ka samu.

Sai da na yi ta sintiri kafin ya ba mu aro. Ya ce, "Ɗana, ba ma'aikata na ba wa ba, kai na ba wa. Ko ƙura ka gani a kai, bar ta."

To, aikin gwamnati yana da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: in babban mutum zai zo, duk abin da ba ya motsi sai an yi masa fenti. Dutsen bakin titi, gindin bishiya, tankin ruwa. Mai gadi ma don yana ɗan zagayawa ne yake tsira.

Ana gobe buɗewa, Oga ya tsaya a kan akwatin ya ce, "Malam Nuhu, wannan bolar za mu nuna wa Babban Sakatare?" Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce ya fahimta, ya kuma tura ni Ushafa in ɗauko tukwanen ado, tunda kowa ya san ba a tarihin sufuri sai da tukunya.

Washegari da safe na tarar da Oga da Danladi suna kallon akwatin, ya sha fenti kore da fari, yana sheƙi. Danladi ya tare ni da murna.

"Malam Nuhu, takardan nan ya ba ni wahala fa! Sai da na sa ruwan zafi da wuƙa. Amma duba yadda ya fito."

Fitilar ma ba a ware ta ba, har gilashin ya samu rabonsa.

Bayan azahar Babban Sakatare ya iso. Ya duba, ya ce, "Darakta, an ce mini kayan da ne. Ina tsofaffin?"

Oga ko gezau. "Yallaɓai, su ne. Mun daidaita su da zamani."

"Madalla. Haka ake son ma'aikaci."

Aka tafa.

Baba Tanimu yana cikin baƙi, ya sha babbar riga. Da aka watse wajen lemo, ya matso ya shafa murfin akwatin. Fentin bai gama bushewa ba, ya bi tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya dube ni.

"Sannunku da aiki, ɗana. Akwatin nan ya ƙetare teku zuwa da dawowa, gishiri bai ci shi ba. Kwana ɗaya ya yi a hannun masu gyara."

Ya juya ya bar ni a wurin.

A makaranta an koya mana tsoron gara, da laima, da ɓarawo. Ba wanda ya ambaci mutum mai himma da gwangwanin fenti. Tun daga ranar, kayan aro a ɗakina suke kwana, mabuɗi a aljihuna.

Da yammar nan Baba Tanimu ya kwashe kayansa a Keke Napep, bai sake ba kowa aro ba. Oga Sambo ya samu ƙarin girma a ƙarshen shekara. Akwatin yana nan a Kubwa, dusar kaji ake zubawa a ciki.