Mai Allurar Gindin Tsamiya

Ƙanwata tana da shekara shida aka yi mata allurar da ta kashe mata ƙafa. Ni na goya ta zuwa kasuwa ranar, domin jikinta ya yi zafi tun da safe, Inna kuma tana bakin ruwa tana bandar kifi. Garinmu yana gaɓar tafki a ƙasar Ngaski, cikin gidajen simintin nan da aka gina mana bayan ruwa ya ci tsohon gari. Ba mu da asibiti. Abin da muke da shi wani mutum ne mai farar riga, da ke zuwa duk ranar kasuwa ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe. Kowa likita yake ce masa.

Ya sa na kifa ta a cinyata, ya caka mata allura a tsakiyar ɗuwawu. Ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, tana cewa wuta ta shiga ƙafarta. Ya yi dariya ya ce, "Magani ne ke aiki." Da muka isa gida na sauke ta, sai ta faɗi. Tafin ƙafarta na dama ya saki, yana lilo. Da kasuwa ta zagayo Baba ya je ya same shi, mutumin ya ce wai iskar ruwa ce ta taɓa yarinya, a nemi masu maganin iska. Baba ya yi masa godiya. Ina tsaye a bayansa na ji godiyar nan da kunnena.

Na gama sakandare a Yelwa, na sami shiga makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato. A shekarar farko wata malama ta zana ɗuwawun mutum a allo, ta raba shi gida huɗu, ta ce ba a yin allura sai a gidan sama na wajen gefe, saboda akwai babbar jijiya da ta ratsa ta tsakiya ta gangara har tafin ƙafa. "Wanda ya soke ta," in ji malamar, "ya gurgunta mutum." Ban ji sauran darasin ba. Na fita na zauna a bayan aji.

A can na san cewa aikin nan hawa-hawa ne. Nas sai ta yi shekara uku, ta ci jarrabawa, a yi mata rajista. Mai son karɓar haihuwa ta ƙara karatun ungozoma. Ma'aikatan lafiya na karkara suna da tasu makarantar, da iyakar abin da aka yarda su taɓa. Mu kanmu ɗalibai, sai da muka daɗe muna soke lemo kafin a bar mu mu kusanci fatar mutum, shi ma da sista tsaye a kanmu. Na yi ta neman matakin da mai farar rigar nan yake, ban samu ba. Daga baya na ji cewa lebura ne a wani asibiti, mai tura gado da wanke tasa, ya ga yadda ake yi ya sayi sirinji.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka maido mu 'yan jiha gida. Abokan karatuna kowa na neman Birnin Kebbi ko Yelwa, ni na roƙa a kai ni ƙaramin asibitin da ke yankinmu na Wara. Jami'in da ke rabon aiki ya dube ni ya ce, "Ke ko kin san wurin?" Na ce can aka yanke cibiyata.

Mai allurar yana nan, ya yi furfura, ya sayi babur. Ranar da ya fara ganina cikin kayan aiki shi ya taso ya tare ni.

"Ɗiyata, an zama likita! Yanzu ni da ke abokan aiki ne. In kin samu rarar magani ki tuna da babanki."

Na durƙusa har ƙasa na ce, "To, Baba." Bai ma tuna ƙanwata ba.

Haka na yi ta gaishe shi damina da rani, ni kuwa ina aikina. Duk ƙauyen da muka shiga rigakafi, a ƙafa ko a kwalekwale, idona yana kan tafiyar yara. In na ga mai jan ƙafa ɗaya sai in zauna da uwar in tambaye ta yaushe abin ya fara. Wasu shan inna ne, na bar su. Amma na sami waɗanda labarinsu ɗaya ne da namu: zazzaɓi, gindin tsamiya, ƙara, faɗuwa. Akwai wata Bakambariya da ɗanta ya kai saurayi yana dogara sanda, akwai matar wani mai wa'azin coci, akwai ɗiyar ladan. Kowacce an ce mata iska ce. Nakan zana musu abin da malamata ta zana, a ƙasa da tsinke, in nuna musu inda jijiyar take. Bakambariyar nan ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta ta ce, "Yaushe za mu?"

Na kai magana ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya yarda ya zo ranar kasuwa. Muka taru a ƙofar gidan hakimi, iyaye mata da 'ya'yansu a jere, ƙanwata a cikinsu, ta zama budurwa. Aka aika aka kira mai allurar. Ya zo da fara'arsa, yana zaton wani ne ba lafiya a gidan.

Shugaban ya tambaye shi wace makaranta ya yi. Mutumin ya buɗe akwati ya zaro wani tsohon hoto, shi tsaye a bayan wani Baturen likita, ya miƙa da hannu biyu. Shugaban ya ce, "Wannan hoto ne. Ina shaidar karatu?" Sai hakimi ya ce yaran su taka a gani. Suka taso suna tafiya a gabansa, kowa na jefa ƙafa. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar sanduna.

Ya juyo wajena ya ce, "Ɗiyata, mi na yi miki?"

Na nuna ƙanwata na ce, "Ni ba ɗiyarka ba ce. Ga ɗiyar da ka yi wa aiki nan, dube ta da kyau." Na so muryata ta yi rawa, ba ta yi ba.

Aka ƙwace akwatin, aka sa shi ya tuɓe rigar a gaban jama'a, aka kai shi gaban alƙali, aka hana shi taɓa allura har abada. Ba kowa ya gode mini ba. Wasu dattawa sun ce na tozarta tsoho, na kuma bar mutanen tsibiran tafki ba mai duba su. Ƙorafi ya yi yawa har aka ɗauke ni aka mai da ni Shanga. Kafin in tafi sai da na ga an tura 'yan mata biyu daga yankinmu makarantar ma'aikatan lafiya, ɗaya ta dawo ta riƙe ɗakin shan magani a garinmu.

Ina Shanga matar mai allurar ta zo har gidana. Ta ce jikinsa ya yi tsanani, yana ta kiran sunana, yana son in je in yafe masa. Na ba ta ruwa, na zuba mata tuwon shinkafa da miyar kifi, na raka ta tasha. Na ce ta gaya masa ya nemi yaran, su ke da hakki, in sun yafe shi ke nan. Ni dai ban je ba. Da ya rasu Inna ta aiko a ce in zo gaisuwa ko don idon mutane. Na ce wa ɗan aiken ina da masu haihuwa a ɗaki, kuma gaskiya ne, ina da su.